Takardar Baba Tana Aljihuna

A lokacin da abin nan ya faru, ni tela ne a Kibiya, ina da keke ɗaya a wata rumfa da ke bakin kasuwa, da mata da 'ya'ya uku. Karatuna bai wuce aji shida ba, don haka Edita da masu karatu su yi mini afuwa in rubutun bai tsaru ba. Duk wanda ya san ni ya san ni da fargaba. Nakan kulle shago in kai har ƙofar gida, in dawo in sake taɓa kwaɗon. Nakan auna mutum sau uku kafin in sa almakashi a yadinsa. A alwala ma haka nake, ina wanke ƙafa sai zuciyata ta ce ban shafi kai ba, in koma farko. Malaminmu ya sha gaya mini waswasi ne, in daina biye masa, amma na kasa.

Mahaifinmu yana Rurum, a hannun yayata wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. A ƙuruciyarsa makaɗin noma ne, gangarsa ce ke tayar da gayya a yankinmu. Da tsufa ya zo sai ya rikita shi. Ya manta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har ta kai in na je gaishe shi sai ya gyara zama ya ce sannu da zuwa Malam, kamar baƙo ne ya shigo. Shekara biyu ina zuwa duk Juma'a, shekara biyu bai kira sunana ba.

Akwai abin da nake ɓoye wa mutanen gida. Sau biyu na bi wasu abokaina masu fataucin yadi zuwa Maraɗi, muka shiga filin kokawa na garin muka kalli wasan wani mawaƙi na can. Kowane zuwa ina dawowa da istigfari, amma ban goge abin da na ɗauka a waya ba. Wata Juma'a ina zaune kusa da Baba na kunna, don kawai shirun ya ishe ni. Da gangar ta shigo sai na ga yatsunsa suna bugun tabarma. Ya ɗago kai ya dube ni, ya kira ni da sunan da yake kira na ina yaro, ya tambaye ni wane ne riƙe da gangar nan, ya ce hannunsa na da kyau amma yana da gaggawa. Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Daga ranar zuciyata ta ƙulla mini cewa in har Baba ya ji kiɗan nan da kunnensa, ya ga makaɗin da idonsa, hankalinsa zai dawo.

Da na ji za a sake wasan a cikin damina, sai na yi wa Yaya ƙarya. Na ce zan kai shi Kano a duba masa ido, za mu kwana biyu a wurin wani abokina. Ta kalle ni ta ce to, amma in kiyaye abu ɗaya: kada in bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya, musamman da la'asar, don lokacin ne ƙafarsa ke ƙaiƙayi. Na ce na sani. Ta ce ban sani ba, ni Juma'a kawai nake ganinsa.

Ana gobe tafiya na zauna a kan keke na ɗinka ɓoyayyen aljihu a cikin 'yar sharata. Na zuba katin shaidata da nasa, da wata takarda da Yaya ta rubuta sunansa da garinmu da lambarta. Akwai 'yar ƙaramar waya da take rataya masa a wuya da zare, ita ma na cire ta a tashar Kano na jefa a aljihun, wai don kada ɓarayi su fizge ta su ji masa ciwo. Ina ta yaba wa kaina cewa na yi hankali. Haka muka bi ta Katsina da Jibiya muka tsallaka, Baba sanye da shuɗiyar riga, babu ko tsinke a jikinsa da zai nuna ko shi wane ne.

Wanda bai taɓa shiga filin nan ba, zagayayye ne, da matakalan zama kewaye, ƙofofinsa kuma duk kama ɗaya. Mun shiga da wuri na sama masa wuri a inuwa. Makaɗa suka fara ɗumama wuri, na ga Baba ya miƙe wuya, leɓensa na motsi. Sai aka kira la'asar. Na so in tafi da shi, amma mutane sun fara cika, na ji tsoron in mun tashi za mu rasa wurin. Na roƙi wani mutum da ke gefenmu ya sa masa ido, na ce wa Baba kada ya motsa, yanzu zan dawo. Ya gyaɗa kai. A bakin famfo ciwona ya tashi. Na yi alwala, na yi shakkar kurkurar baki, na sake. Wani ya taka ruwa ya fallatsa mini, na sake. Na tayar da salla, na rikice ko raka'a uku na yi ko huɗu, na sallame na sake daga farko. Da na gama, mawaƙin ya riga ya fito, jama'a sun toshe ƙofa, na kutsa ta wata ƙofar ina zaton ita ce tamu. Sai da na zagaya rabin filin kafin na gane wurinmu. Wasu 'yan mata ne zaune a wurin. Mutumin da na bar wa amana ya ce tsohon ya tashi ya ce zai je ya dawo, shi kuma ya ɗauka bayan gida za shi.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na hau matakala na sauka, ina leƙa fuskar duk mai shuɗiyar riga. Ina ƙwala kiran Baba, kiɗa na haɗiye muryata, mutane na ture ni suna cewa in zauna na tare musu. Na roƙi masu tsaron dandamali har na durƙusa, mai gabatarwa ya yi sanarwa sau ɗaya cewa ana cigiyar wani tsoho daga Najeriya, amma shewa ta rufe maganar. Na zaro waya in kira abokaina, layina ba ya aiki a ƙasar. Hannuna ya taɓo wayar Baba a cikin aljihun, da katinsa, da takardar Yaya. Duk abin da zai sa wani bawan Allah ya dawo mini da shi yana manne a ƙirjina.

Washegari na je wurin jandarmomi, wato jami'an tsaron ƙasar, suka rubuta, suka ce in bar lambar da za a same ni, na ba da ta mai masaukinmu. Na je asibiti, na roƙa aka nuna mini har ɗakin ajiye gawa. Na bi tashoshin mota da masallatai da rumfunan masu shayi. Na kai cigiya gidan rediyo. Duk wanda na tambaya sai ya ce me tsohon yake ɗauke da shi, in ce babu komai, sai ya dube ni ya kawar da kai. Ruwa ya sauko da yamma kamar da bakin ƙwarya, na tsaya a cikinsa ina tunanin inda yake dukan Baba. Ban iya cin komai ba. Na yi ta roƙon Allah ya ɗauki raina ya mayar da shi gida.

A rana ta uku na ari waya na kira Yaya. Na gaya mata komai, ina jiran zagi. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tambaya da ƙarfe nawa ya tashi, na ce da la'asar. Ta ce to in daina nemansa a cikin gari, Baba ba ya zuwa inda mutane suke, gona yake nema, don a ransa kullum akwai gayyar da ke jiransa. Ta ce in bi bakin gari duk inda na ga shuka. Sannan ta ce kada in kuskura in dawo ni kaɗai, ta kashe.

Na hau babur tare da mai masaukinmu muka yi ta bin gonakin gero na bayan gari. Kafin azahar sai ga kira a wayar mai masauki. Wani manomi ne ya tsince shi washegarin ɓatansa da magariba, a tsakiyar gonarsa, yana cire ciyawa da hannu yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya kai shi gida, matarsa ta ba shi fura, suka shimfiɗa masa a zaure. Sun yi ta tambayarsa daga ina yake, ba ya cewa komai sai Rurum, su kuma ba su taɓa jin sunan ba. Sai da wani Bafulatani maƙwabcinsu, wanda ya taɓa kai shanu kudancin Kano, ya ce ai wannan gari ne a ƙasar Rano, sannan suka haɗa da cigiyar da suka ji a rediyo.

Na same shi zaune a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, babu takalmi babu hula. Na faɗi a gabansa ina kuka ina neman gafara. Ya ja da baya ya riƙe rigar manomin, ya ce masa kada ya bari mutumin nan ya tafi da shi, shi ne ya kai shi cikin hayaniya ya gudu. Bai tuna sunana ba, amma wannan ya tuna. Sai da manomin ya rako mu har tasha, ya zauna kusa da shi a mota har ta kusa tashi, sannan ya yarda.

Baba ya yi wata bakwai a duniya bayan haka. Ruwan da ya dake shi ya bar masa tari, ƙafar kuma ba ta koma daidai ba. Duk Juma'a ina zuwa, duk Juma'a in ya hango ni sai ya juya fuska bango. Ko kirana da Malam ɗin da nake jin zafinsa a da, ban sake samu ba. Yaya ta yafe mini a bakin makara, ta ce ta san so ne ya kai ni. Shi kam ya tafi ban ji daga bakinsa ba.

Abin da na koya shi ne, fargabata ba ta taɓa tsare kowa ba. Na tsare kati da waya da alwala, na saki mutum. Malaminmu ya ce mini da na yi alwala ɗaya na koma wurin mahaifina, da ta ishe ni a wurin Allah. Ina roƙon duk mai tsoho da hankalinsa ya fara gushewa, kada ya fitar da shi daga inda ya saba don biyan wata bukata ta zuciyarsa, kuma ya saurari wadda take kwana da tashi da shi, ta fi shi saninsa. In tafiya ta zama dole, shaidarsa ta zauna a jikinsa, ba a jikinka ba. Yanzu duk wanda ya kawo mini ɗinkin tsoho, ina ɗinka wani ɗan farin ƙyalle a cikin wuyan rigar, in rubuta sunansa da garinsu da lambar 'ya'yansa da alƙalamin da ba ya wankuwa. Ba na karɓar ko sisi a kansa. Aikin minti biyar ne, kuma keken yana gabana a ranar da na ɗinka wancan aljihun.