Shekara Bakwai a Gefen Kujera

Idan ka bi ta layin maɗinka a cikin birnin Daura da hantsi, za ka ga wani dattijo siriri zaune a ƙofar shagon ƙanensa, tabarau a bakin hanci, yana ɗinke maɓallan riguna. Malam Harisu Dabo ke nan. Kowa Hedimasta yake ce masa, daga mai ƙosai har limamin unguwa, shi kuma ya amsa yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kira da sunan wani. To ai sunan wani ɗin ne. Je ka zazzage duk fayil ɗin da ke ofishin ilimi, wallahi ba za ka sami takarda ɗaya da ta ce ya taɓa riƙe makaranta ko na yini guda ba. Alhali shekara bakwai cur ya yi yana riƙe da ita.

Ɗan maɗinki ne. Mahaifinsa Dabo ya so ya gaji keken ɗinki, shi kuwa ya liƙe wa boko har ya fito da takardar malanta. A shekarar 1988 aka tura shi firamaren Tudun Kalilu, wani ƙauye can kan hanyar Babban Mutum, dab da iyakar Nijar. Ya sauka daga mota da akwati ɗaya da tabarma, bai san kowa ba. Wani malami da ya girme shi, Malam Sabiru, shi ya karɓi akwatin ya ce, "Taho, ƙanena, akwai ɗaki a sorona." Shekara uku yana cin tuwon matar Malam Sabiru, Yaya Lami, ko gero kwano ɗaya ba su taɓa yarda ya kawo ba. Da ya tashi aure mahaifinsa ya riga ya rasu, Malam Sabiru ne ya shige gaba aka nemo masa Maimunatu. Daga baya Malam Sabirun ya zama hedimasta, Harisu yana koyar da aji huɗu.

Wata Litinin bayan damina a 2013, yara suna layi ana taken ƙasa, Malam Sabiru ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Aka kai shi asibiti a Daura, aka dawo da shi gida, sai dai a kwantar a tayar.

Saura shekara bakwai ya cika shekarun aikinsa, ga bakuna tara a gidan. Sakataren ilimi na lokacin, Alhaji Zailani, ya zo dubiya, da zai tafi ya ja Harisu zuwa soro, ya rage murya.

"Kai za ka riƙe makarantar," in ji shi. "Ƙa'ida ita ce in rubuta maka takardar riƙo, a riƙa biyan ka alawus ɗin muƙaddashi a kan albashinka. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Amma dole in rubuta dalili. Da zarar takardar ta shiga fayil za a tura shi gaban likitoci, su kuma sallamarsa za su yi. Ka yi tunani."

Wane tunani? Daga cikin gida yana jin Yaya Lami tana lallashin mijinta ya buɗe baki ya sha kunu. A soron nan da suke tsaye Harisu ya kwana shekara uku.

"Ranka ya daɗe, a bar takardar," ya ce. "Malam zai warke."

Alhaji Zailani ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi maka albarka. Ranar da ya cika shekarunsa, ni da hannuna zan gyara maka naka." Ba shaida, ba rubutu. Kuma Harisu bai nema ba, don a wurinsa ce wa babba ya rubuta alkawarinsa daidai yake da ce masa maƙaryaci.

Haka aka fara. A ofishin hedimasta akwai kujera mai hannu, ta katako, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Harisu bai taɓa zama a kanta ba. Ya jawo benci daga aji huɗu ya ajiye a gefen tebur, a nan yake zama, a karkace, yana cike rajista. Kujerar kuwa kullum da safe sai ya kakkaɓe ta. In malamai suka ce, "Haba Malam, zauna mana," sai ya ce, "Mai ita yana da rai."

Duk ranar Alhamis yakan tattara takardun mako ya kai gidan Malam Sabiru. Ya durƙusa gefen katifa, ya saƙala masa biro a hannun hagu, ya riƙe wuyan hannun, su ja sunan tare. In aka ji masu duba makarantu za su zo, tun kafin rana ta fito ake ɗauko Malam Sabiru a amalanke, a zaunar da shi a kujerarsa, a yafa masa babbar riga ta rufe hannun da ya mutu. Duk tambayar da aka yi, Harisu ya sunkuya kusa da bakinsa, ya ɗago ya ce, "Malam ya ce kaza." Masu dubawar ba yara ba ne, sun gani sarai. Sukan sha fura, su rubuta cewa makaranta tana tafiya daidai, su hau baburansu. Mai gari ya sani, liman ya sani, har matan da ke daka a bayan makaranta sun sani. Rufin asiri ne, kuma duk ƙauyen ya riƙe shi da hannu biyu.

Aikin kuwa, ai ba a cewa komai. Harisu ne ya bi gonaki yana roƙon iyaye su saki yara lokacin noman farko. Da iska ta yaye kwanon aji uku, shi ya tara mutanen gari aka mayar, da kansa ya hau yana miƙa ƙusa. In malami ya ƙi zuwa, shi za a zaga. In aka yaba wa makaranta, sunan Malam Sabiru ake rubutawa. Ga aji huɗunsa bai bari ba. Ƙarshen wata ya yi, albashin malamin aji huɗu yake ɗauka, ko kwabo babu a kai.

Maimunatu ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. In ya dawo da yamma a galabaice sai ta tare shi da, "Sannu da zuwa, Hedimastan benci." Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, mijin ƙawata Ummukulsum wata takwas kacal ya yi riƙo a garinsu, an biya shi, an kuma tabbatar masa da kujerar. Kai kana neman shekara biyar. Ko benci ne ya manne maka?" Ya yi dariya ya ce Alhaji ya yi alkawari. Ba muguwa ba ce, ita ce ma take aika wa Yaya Lami da miya in ta yi mai nama. Tsoro take ji kawai, don ta ga furfura ta fara cin gemun mijinta.

A shekara ta biyar ɗin nan Alhaji Zailani ya kwanta kwana uku ya rasu. Harisu ya je jana'iza ya yi kuka sosai. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san rabin kukan ba na mamacin ba ne, na alkawarin da aka binne tare da shi ne. Ya ji kunyar kansa, ya yi ta istigfari a mota har ya iso gida.

Malam Sabiru ya cika shekarunsa a 2020, aka rubuta masa takardar ritaya da yabo. Bayan wata huɗu Allah ya karɓi abinsa. Aka turo sabon hedimasta daga birni, Malam Misbahu, da takardarsa a ambulan. Mutumin kirki ne, ba shi da laifin komai. Ya shiga ofis ya zauna a kujerar, Harisu ya miƙa masa makullai.

Saura shekara ɗaya Harisu ya yi ritaya sai ga sanarwa: duk malamin da ya yi riƙon muƙamin da ya fi nasa sama da wata shida ya kawo shaida, za a biya shi alawus ɗinsa, kuma ya ajiye aiki a kan matakin wannan muƙamin. Ga mutum mai 'ya'ya shida da ba shi da gona ba shi da gida sai ɗakin gado a Daura, wannan shi ne bambancin tsufa da mutunci da tsufa a wahale. Maimunatu ta goge masa farar rigarsa ta Juma'a da kanta. Ya cika buhu da rajistoci ya nufi ofishin ilimi.

Shugabar sashen ma'aikata, Hajiya Raihana, ta buɗe rajistocin ɗaya bayan ɗaya. Rubutun duk na Harisu ne, sa hannun duk na Malam Sabiru.

"Malam, ni na yarda da kai," ta ce. "Babu wanda bai san labarin Tudun Kalilu ba a ofishin nan. Amma tunda ba ka da takardar riƙo, hanya ɗaya ce. Ka rubuta rantsuwa cewa daga ranar kaza Malam Sabiru bai ƙara aiki ba, kai ne ka yi." Sai ta jawo wani fayil mai launin ƙasa ta ɗora a kai. "Kafin ka rubuta, ka san wannan. Garatutin marigayin ne, har yanzu bai fita ba. In rantsuwarka ta shiga, za a ce ya ci albashin shekara bakwai yana kwance, a cire daga abin da za a ba iyalinsa. Ban ga abin da zai rage ba. Je ka, ka dawo Litinin."

Ranar Asabar da la'asar ya je gidan Yaya Lami da niyyar ya faɗa mata komai. Ko ba komai gaskiya ce a hannunsa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama fura, ta fara labari. In kuɗin Malam suka fito za ta tayar da ɗakin da damina ta kayar, ta saya wa babban ɗanta shanun huɗa ya daina zuwa ƙwadago Kongolam. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani abu ƙunshe a gefen mayafi.

"Ka ga mantuwa. Tun yana raye ya yi ta nuna mini wannan yana kiran sunanka."

Biron ne, wanda suka riƙa riƙewa su biyu duk Alhamis. An tauna murfinsa, tawada ta bushe tuni. Harisu ya karɓa ya sa a aljihu, ya shanye furar, ya yi godiya. Ya fito da maganar da ta kawo shi a cikinsa.

Ranar Litinin Hajiya Raihana ta ajiye masa farar takarda.

"To Malam, wa ya riƙe makarantar daga 2013 zuwa 2020?"

"Malam Sabiru ne."

"Kai fa?"

"Ni malamin aji huɗu ne, Hajiya. Ina taya shi."

Sai ta janye takardar ta mayar cikin aljihun tebur, ta ce, "Allah ya saka maka." Ya ɗauki buhunsa ya fita.

Maimunatu ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ya zaɓi 'ya'yan wani a kan nasa. Bai musa ba, don shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan tun a mota. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da ta huce kuma ba ta sake kiransa Hedimastan benci ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi masa tsokanar ciwo.

Ranar da zai bar makarantar aka yi masa ɗan taro, aka ba shi agogon bango. Malam Misbahu ya sa mai fenti ya sabunta allon sunayen hedimastoci da ke ofis, ya kira Harisu ya duba shekarun tunda shi ya fi kowa daɗewa. Harisu ya gyara tabarau ya karanta. Sabiru, 2001 zuwa 2020. Misbahu, 2020 zuwa yau. Babu ko tazarar ɗan yatsa a tsakaninsu.

"Daidai ne," ya ce.

Bencin yana nan a jikin bango, an ɗora masa kwalayen alli. Wurin da yake zama ya yi sulɓi har yana sheƙi. Bai taɓa roƙon komai ba a shekara talatin da biyar, ranar ya roƙa.

"Hedimasta, ko za a bar mini bencin nan in tafi da shi?"

Malam Misbahu ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi. Ya juya bencin, ga lamba da jan fenti a ƙarƙashi. "Wallahi Malam, da nawa ne da na ba ka. Kayan gwamnati ne, yana cikin rajista. Sai dai in an rubuto takarda daga ofis."

Harisu ya dubi lambar. Rubutunsa ne, shi ya zana ta wata shekara da aka zo ƙirga kaya. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ƙwarai kuwa, sai da takarda." Ya yi sallama da kowa, ya rungumi agogonsa ya taka zuwa bakin titi inda Maimunatu da yara suke jira da kaya. Tana ganin fuskarsa ta kawar da kai, don kada yaran su ga ta ga yana kuka. Motar Daura ba ta zo ba sai bayan azahar.