Goɗiyar da Bamalli Ya Bari

Lokacin da Allah ya yi wa Bamalli dillalin dawaki rasuwa a Suleja, farkon shekarun casa'in, dabba ɗaya ta rage a bargarsa, wata goɗiya mai sanyin hali da ake kira Bidi. 'Yan'uwa suka ce wa matarsa, Inna Daso, ta sayar ta huta. Me tsohuwa mai sayar da dusa da kanwa za ta yi da doki?

Ta ce musu, "Shi Malam yawon kasuwanni yake yi. Ni ce mai ba ta ci da sha tun tana 'yar ƙarama. Ku bar min ita."

A shekarun ne ma'aikata suka yi ta kwararowa Abuja, da yawansu kuma a Suleja suka kama haya. Unguwar Inna Daso ta cika da yaran baƙi, 'yan Kano da Katsina da Legas, waɗanda ba su da wurin zuwa ranar Asabar. Suka riƙa hawa katangarta suna leƙen Bidi. Wata rana ta gaji da tsoron kada wani ya faɗo, ta buɗe ƙofa ta ce su shigo kamar mutane. Ta miƙa wa wannan buroshi, ta miƙa wa wancan bokiti.

Da suka fara roƙon hawa, sai ta shiga mota zuwa Gauraka wajen Saje Lukuman, abokin marigayi, mutumin Ilori da ya yi ritaya daga 'yan sandan doki yake sayar da baƙin mai a bakin titi. Ya amince zai koyar. Wasu masu dawakin da ke ɗaure a turke ba aikin komai suka ba da aro. Aka samu wani fili a bayan gari, ƙungiyar yara masu koyon hawa ta kafu, ba allo ba ofis.

Saje ya ɗauki koyar da yara, Inna Daso kuma ta ɗauki iyaye. Dokarta ita ce yaro ba zai sa ƙafa a likkafa ba sai uwarsa ko ubansa ya zo ya zauna da ita a kan benci. Maganarta ba ta da tsawo. A ba yaro abinci kafin ya fito. A sa masa dogon wando da takalmi sau-ciki, ba silifas ba. Hular kwano dole ce, ko ta babur ce in ta zauna a kai. Kada a yi wa yaro alkawarin sayen doki. Ga iyaye maza kuma tana da ƙari.

"Malam, in ya dawo gida kada ka tambaye shi ko ya yi sukuwa. Ka tambaye shi me dokin ya ci. In ka matsa masa da sukuwa, zai yi ta a ranar da bai isa ba, don ya faranta maka."

Cikin masu haya a layinta akwai Malam Fakhruddeen, ma'aikaci a Abuja, da matarsa Nana da ɗansu Suhaibu, wanda bai kai shekara goma ba. Uban ya zo ya zauna a bencin, ya amince da komai. Amma Asabar ta zo Suhaibu bai fito ba, ta gaba ma haka. Sai Inna Daso ta yafa mayafi ta yi sallama a gidan.

Nana ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ni na hana. Yayana doki ne ya ja shi a ƙasa a Katsina muna yara. Har yau da sanda yake tafiya. Ko haniniya na ji gabana faɗuwa yake."

Inna Daso ba ta raina tsoronta ba. Ta ce, "Kina da gaskiya, 'yata. Doki yana kayarwa, yana kuma harbi. Ba zan ce miki ɗanki ba zai faɗi ba. Ki zo ke kaɗai ki ga yadda muke yi. In ranki bai kwanta ba, ni da kaina zan ba Suhaibu haƙuri."

Nana ta zo. Ta tsaya can nesa, jakarta a ƙirji. Inna Daso ta jawo Bidi a hankali, ta nuna mata inda ake tsayawa, gefen kafaɗa, ba baya ba. Ta nuna mata kunnuwa, ta ce in sun kwanta baya a matsa. Sannan ta zuba mata dusa a tafin hannu. Nana ta rufe ido har leɓen goɗiyar ya share tafin tas. Ta buɗe ido ta ce, "Ashe bakinta da laushi haka?"

Suhaibu ya fara zuwa. Da farko shara da gogewa kawai, daga baya Saje ya ɗora shi yana riƙe da ragama yana cewa, "Oya, miƙe baya, a hankali." Nana ba ta taɓa fashi ba.

Cikin damina abin ya faru. Bidi na tafe tana ɗan sassarfa, sai sirdi ya zame gefe, Suhaibu ya zo ƙasa a kan hannunsa. Nana ta zabura za ta kwarma ihu. Inna Daso ta kama gefen zanenta.

"Kada ki yi gudu, sauran yara suna kan dawakai. Mu taka."

Suka taka da sauri. Yaron na zaune yana riƙe da wuyan hannu, idonsa a kan fuskar uwarsa. Nana ta haɗiye kukanta ta durƙusa ta ce, "Sannu, babana. Mu gani." Sai a lokacin ya saki numfashi.

Inna Daso ce ta tare mota, ita ce kuma ta riƙe shi a cinya har asibiti. Aka ce targaɗe ne, ƙashi bai taɓu ba. Da yamma ta je gidan ta tarar da Malam Fakhruddeen ya dawo, fuskarsa a ɗaure.

"Malam, na zo in faɗa muku abin da ya faru kafin ku ji a bakin wani. Ba laifin yaro ba ne, ba na goɗiya ba. Majayin da ke ɗaure sirdi ne ya yi sako-sako, ni da Saje kowa ya ɗauka ɗaya ya duba. Daga yau mutum biyu za su sa hannu a kowane majayi. Ku yafe mana."

Malam Fakhruddeen ya ce, "Yanzu me za mu yi da shi, Inna?"

"Kada ku hana shi, kada kuma ku ce namiji ba ya tsoro. Ku bar shi ya zo ko bai hau ba."

Haka aka yi. Hannu ya warke, amma Suhaibu bai yarda ya hau ba. Sai ya zo ya taje gezar Bidi ya koma gefe. Ba wanda ya matsa masa. Damina na gab da ƙarewa, wata safiya ya sa yatsa ƙarƙashin majayi ya ja, ya ce wa Saje, "Baba, riƙe min in hau." Nana na kan benci, ta kau da kai tana goge ido da bakin mayafi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka yanka filin aka fara gine-gine. Wani manomi kusa da Zuma ya ba su aron gefen gonarsa, wuri mai duwatsu da fasassun kwalabe. Gwiwoyin Inna Daso sun riga sun fara ba ta wahala, amma ta bi gida-gida ta gaya wa iyaye a zo a share wurin. Ranar aikin suka fito da fartanya da kwanduna, har da wata Chinelo mai shago a Madalla wadda 'yarta ta shiga ba da daɗewa ba. Ma'aikatan ofis suka naɗe wando. Aka ajiye wa Inna Daso kujera a inuwar ɗorawa, tana nuni da sanda.

Rana ta yi tsaka, Malam Fakhruddeen ya miƙe yana dafe da ƙugu ya ce, "Inna, ai mun gama."

Ta dubi filin ta ce, "Sannunku da aiki. Ku sha kunu, sai ku jeru ku sake bin filin sau ɗaya. Ƙusa guda ta isa ta gurgunta doki."

Suka sha kunun, suka jeru.