Furen da Kambai Ya Shuka Kamar Doya

"Shekara uku ke nan fa, Baban Eunice," in ji Juliana, tana shanya kaya a igiyar bayan gida. "Ganye, ganye, ganye. Da karas ne ai da tuni mun ci."

"Ki ƙara mata shekara ɗaya, Maman Eunice."

"Bara ma haka ka ce. Nan kaɗai rana ke sauka a gidan nan, ka ba wa ciyawa, alayyafona yana can yana fama a bokiti. Idan Mayu ya zo ba ta yi fure ba, da hannuna zan tone ta."

Kambai ya yi dariya, amma ya san matarsa. In ta ce za ta tone, to za ta tone.

Bernard Kambai mutumin Kagoro ne, ɗan manomin doya. Ya zo London a 1981, ya samu aikin tuƙa bas, suka kama ɗan gida a Barking mai fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Mutum ne marar hayaniya. In ya tashi daga aiki, sai ya tuɓe rigar aiki, ya ɗauki ƙaramar fartanyar da ya taho da ita daga gida cikin akwati, ya fita baya.

Shukar da ake rigima a kanta kyautar maƙwabciyarsu ce, wata tsohuwa 'yar Italiya mai suna Angelina. Ita ce ta riƙa karɓar musu Eunice in ta dawo daga makaranta alhali suna wurin aiki. Da ƙafa ta gaza mata a 1987, 'yarta ta zo ɗaukarta zuwa unguwar Lewisham. Kafin su tafi Angelina ta miƙo wa Kambai wata saiwa ta kan katanga, naɗe a jarida. Ta ce sunanta fiyoni, irin mai siririn ganye, kuma marigayi mijinta ne ya shuka uwar saiwar.

Kambai ya juya saiwar a hannunsa. Ga kauri, ga idanu. Ya ce a ransa wannan ai ƙanwar doya ce. Sai ya yi mata gatan da babansa ke yi wa irin doya: ya tara tsibin ƙasa har gwiwa, ya binne ta can ciki, ya ɗora wa tsibin hular busasshiyar ciyawa. Da sanyi ya kama, ya lulluɓe shi da tsohon bargo. Kowace shekara ganye ya fito lallausa kamar gashin ɗan tsako, zuwa Yuli ya bushe. Fure kuwa ko ɗaya.

Ran Lahadin da ta biyo bayan maganar Juliana, bayan an tashi daga coci, ya tafi Lewisham. Ya zauna gaban Angelina ya kwashe labari duka ya gaya mata, har da bargon. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Bernard, kabari ka yi mata? Yatsa biyu kawai ake rufa mata ƙasa. Kuma sanyin da kake ɓoye mata shi take so. In bai dake ta ba, ba ta fure."

"Mama, ko ƙanƙara ce?"

"Ita ce ma ta fi."

Washegari ya rushe tsibin da hannu, a hankali, har sai da ya taɓa jajayen idanun. Ya auna da yatsa biyu ya bari. Abin bai kwanta masa ba. A garinsu wanda ya bar iri a fili haka, rago ake ce masa.

A Fabrairu ƙanƙara ta sauka har ta rufe bokitin alayyafo. Juliana ta same shi tsaye bakin taga da bargon a kafaɗa.

"Kai za ka rufa ko ita?"

"Ni."

"Gara dai. Manomin Kagoro, an koya masa noma a Lewisham."

Bai fita ba. Ya rufa abinsa ya sha shayi.

Ƙarshen Afrilu, a tsakiyar ganyen, ga ƙulli biyu kamar ƙananan goro. Ranar huɗu ga Mayu da safe ɗayan ya buɗe, ja wur kamar manja, cikinsa rawaya. Kambai bai kira kowa ba, ya tsuguna kawai yana kallo. Eunice ce ta leƙo ta taga ta ƙwala wa uwarta kira da Turanci.

Juliana ta fito da ludayi a hannu, ta daɗe tana dubawa.

"Kwana nawa yake yi?"

"Mama Angelina ta ce mako guda."

"Shekara huɗu don mako guda! Kai da ita kun dace." Ta sunkuya ta cire wata 'yar ciyawa daga gindin shukar. "To, ta ci wurinta. Amma ka samo mini babban bokiti."

Kambai ya yanke na biyun da bai gama buɗewa ba, ya naɗe gindinsa da jiƙaƙƙiyar jarida. Sai ƙarfe biyu zai karɓi mota, akwai lokacin zuwa Lewisham. Ya sa rigar aikinsa, ya riƙe furen a tsaye kamar kyandir, ya nufi tasha.