Takardar da Ta Manta Wanda Ya Fara Zuwa

Ranar da Auta ya fara shiga ɗakin kati, ruwa ake yi tun asuba, irin siririn ruwan nan da ba ya ɗaukewa ba ya kuma ƙaruwa, sai dai ya sanyaya bango ya sa takarda ta yi laushi a hannu. Mai Kati ya riga ya janye kabad ɗinsa daga jikin taga, ya tara bokiti a inda rufin ke yoyo. Yana cikin goge tebur ya ji sallama da muryar da ya sani tun tana kukan jarirai.

"Yaya, ashe nan ce fadar taka?"

Ya ɗaga kai ya ga ƙaninsa a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, takalmi ko ɗigon taɓo babu, don har baranda mota ta kawo shi. Babbar Sista, wadda ragamar asibitin ke hannunta, tana bayansa baki har kunne.

"Na kawo maka hutu," in ji ta. "Ashe kana da ƙani mai rubuta manhajar kwamfuta, ka ɓoye mana?"

Mai Kati ya ce, "Ai ba a tambaye ni ba." Ya tura wa Auta kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a asibitin idon nan. Da masinja ya fara, bayan da rasuwar mahaifinsu ta raba shi da makaranta yana aji shida. Lokacin Auta yana goye. Shi ya riƙa ɗora shi a keke ya kai shi makaranta, har yaron ya wuce inda keke ba ya zuwa. Daga masinja aka mai da shi ɗakin kati, don an lura ba ya manta fuska. A nan ya samu abin da yake nasa shi kaɗai.

Sau ɗaya a shekara wani likita kan zo ya yi mako guda, ya cire wa mutum ɗari biyu yanar ido, ya tafi. Ƙa'idar kuwa, wanda ya riga rubuta suna shi ne gaba. To mutane, saboda tsoron kada a tsallake su, ba sa yarda da rubutu ɗaya. Tsoho zai zo da kansa, washegari ɗansa ya zo da katin shaidarsa ya sake rubutawa, bayan mako maƙwabci ma ya zo ya yi masa alheri. In an rufe rajista, Mai Kati kan kulle kansa kwana tara da kabad ɗinsa mai aljihu arba'in da doguwar rajistarsa, yana tsince maimaici ɗaya bayan ɗaya. In ya fito, har masu gadi kan ce masa sannu da aiki. A gida kuwa, wannan ne kaɗai abin da mahaifiyarsu, Inna, takan faɗa wa baƙi game da shi: "Babban nawa, ba a shiga littafinsa sau biyu." Daga nan sai ta koma kan Auta har baƙin su tashi.

A shekarar nan ya riga ya gama kwana taransa. Amma Sista ta sa akawu biyu sun shigar da duk takardun a kwamfuta, bi da bi yadda suka zo, ta ce a gwada hanyar zamani a gani.

Auta ya buɗe na'urarsa a kan teburin yayansa, ya ture kwalbar gam gefe da gwiwar hannu.

"Ka ga, Yaya, in na ce ta ɗauki kowane suna ta bi sauran dubu tana gwadawa, wahalar banza ce. Akwai wani ma'aji da muke aiki da shi, hash set sunansa. Shi abu ba ya shiga cikinsa sau biyu. Ka ba shi lambar katin shaidar mutum, sai ya niƙa ta da lissafi ya fitar da wata 'yar lamba, ita ke nuna masa aljihun da zai ja. Wannan aljihun kaɗai zai duba. In mutumin na ciki, ya ce an riga an zo. In babu, ya jefa shi. Lamba iri ɗaya kuma kullum aljihu ɗaya take kai ka."

"In mutum biyu daban suka faɗa aljihu ɗaya fa?"

"Sai ya dubi lambobinsu, ya ga ba ɗaya ba ne, ya bar su tare."

"To ai kabad ɗina ka kwatanta."

"Shi ne fa! Sai dai nawa ba ya ciwon baya."

Sista ta yi dariya har da dafa bango. Mai Kati ma ya buɗe haƙora, don kada a ce.

Auta ya yi 'yan rubuce-rubuce, bai fi layi goma ba, ya danna. Kafin ya kai kofin shayi baki, suna dubu ɗaya da ɗari da arba'in sun koma ɗari takwas da shida. Mai Kati ya ji sanyi a ransa, don nasa lissafin ɗari takwas da tara ne.

"Ta cinye mutum uku," in ji shi.

Aka zaro ukun aka duba. Mata ne, kowacce an rubuta ta sau ɗaya da sunan uba, sau ɗaya da sunan miji, lambar kati kuwa guda. Mai Kati ne ya tsallake su. Sista ta dafa kafaɗar Auta kawai. Da magana ta yi da ya fi wa Mai Kati sauƙi.

Kafin a tashi aiki masu shara sun raɗa wa abin suna Hashimu. Ɗaya ta leƙo da tsintsiyarta ta ce, "Mai Kati, an ce Hashimu ya kwashe maka kwana tara a kurɓi ɗaya. Shekara mai zuwa sai ka zo ka taya mu shara."

Inna a gidan Mai Kati take zaune, a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Shi ke sayo mata magani, shi ke yanke mata farce. Da ya dawo da yamma ya tarar Auta ya riga shi, yana zaune a bakin gadonta, ƙato da gemunsa, tana shafa masa kai.

"Babba, ka ji abin da yaron nan ya yi? Ya ce kai ma ka yi ƙoƙari, uku kawai ka kuskure. Ni tun yana ciki na san kansa daban ne."

Ya ce, "Haka ne, Inna." Ya ajiye mata maganinta ya fita. Aka kawo abinci, ya ɗan taɓa ya ture. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, gishiri ne ya yi yawa ko ƙaninka?" Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar Talata aka buga jerin a takarda, shafi goma sha bakwai, aka kawo masa ya buga hatimi. Ya ɗauki shafin farko don ya cika ƙa'ida kawai. Sunan da ke sama bai san shi a nan ba. Ya san wanda ya fara zuwa: wani tsohon tela ne, 'yarsa ta jawo shi da sanda tun ba a buɗe ƙofa ba, ya ce zare ya daina shiga masa allura, in aka gyara ido ɗaya ma ya gode. Mai Kati ya bi shafukan da yatsa, sai a lamba ɗari biyar da goma sha bakwai ya same shi.

Bai buƙaci a yi masa bayani ba. Shi ma ya taɓa yin wannan ɓarnar a shekararsa ta biyu a ɗakin kati: ya zazzage aljihunan kabad daga na ɗaya zuwa na arba'in, ya kwafe sunayen yadda suka fito. Aljihu ya san wanda ke cikinsa, amma bai san wanda ya riga wani zuwa ba. Ya sha faɗa a ranar, kuma tun daga nan ya buɗe doguwar rajista mai kwanan wata. Ma'ajin Auta ya tsince maimaici tas, sannan ya zubo mutane bisa jerin aljihunansa. Auta kuwa, da bai taɓa ganin layin nan da idonsa ba, adadi kawai ya duba.

Wayarsa na aljihun riga. Magana ɗaya ce zai yi wa Auta, a gyara. Ya zaro ta, ya tuna hannun Inna a kan Auta, ya mayar. Ya buga hatimi a shafi goma sha bakwai ɗin, a hankali, kowanne a daidai kusurwa.

Kwana biyu yana ɗauke da abin a ciki kamar wanda ya haɗiyi garwashi, amma garwashin na yi masa daɗi. Har waƙa matarsa ta ji yana yi a banɗaki. Ta ce, "Wannan fara'ar taka ba ta kwanta mini ba." Ranar Laraba Auta ya kira ya ce, "Yaya, ka duba takardun? Babu matsala ko?" Ya ce, "Adadin daidai yake." Ya gaya wa kansa ai bai yi ƙarya ba.

Ranar Alhamis da safe aka manna jerin a bangon baranda, aka ja jan layi a ƙarƙashin na ɗari biyu. Auta ya zo don Sista ta ce likita na son ganinsa. Mai Kati ya tsaya a tagarsa yana jira. Bai daɗe ba. 'Yar telan ce ta fara, ta karanta shafin farko sau biyu, ta juyo.

"Mu muka fara zuwa! Mai gadi shaida ne! Wa aka sayar wa wurin babana?"

Daga nan baranda ta kaure. Waɗanda suka zo makon farko suka ga na makon ƙarshe a samansu. Wani ya yage shafi. Auta ya tsaya riƙe da jakarsa, yana cewa, "Babu wanda aka cire, kowa na ciki," ana ce masa ba abin da ake tambaya ke nan ba. Sista ta ɗaga murya.

"Ina Mai Kati? A kira mini Mai Kati!"

Shekara talatin da ɗaya bai ji an kira shi da irin wannan muryar ba. Ya fito da rajista a hammata, bai ko buɗe ta ba. Ya hau matakala ya kira mutum ashirin na farko da ka, kowa da ranar da ya zo. Wuri ya yi tsit, sai amsawa. Na ɗaya ne kawai bai amsa ba. 'Yarsa ta riga ta ja shi sun fita tun ana hayaniya.

Gyaran bai ci wa Auta minti goma sha biyar ba. Ya sauya ma'ajin da wani ɗan'uwansa mai riƙe jerin shigowa, ya sake dannawa, tela ya dawo na ɗaya. Da Sista ta fita da sabbin takardu, ya rufe ƙofar ɗakin kati, suka rage su biyu.

"Yaya, yaushe ka gani?"

Mai Kati ya gyara zaman kwalbar gam. "Talata."

"Na kira ka Laraba."

"Ka kira."

Auta ya daɗe yana kallonsa. Bai yi faɗa ba, bai tambayi dalili ba. Ya ce, "Lambar wayar tsohon nan ba ta shiga. Adireshinsa na katinka." Ya ɗauki jakarsa.

Mai Kati ya hau kekensa ya je da kansa. Ya sami telan a zaure, zaune kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane, ya ƙi cin komai tun da suka dawo. Da ya ji saƙon, ya laluba ya kama hannun Mai Kati da hannu biyu ya yi ta sa masa albarka, yana cewa irinku masu gaskiya sun yi ƙaranci. Mai Kati ya tsaya ya sha albarkar nan har ƙarshe, don babu hanyar zare hannu.

Da yamma ya shiga gida. Auta na ɗakin Inna. Ya tsaya a bakin labule ya ji ƙaninsa na cewa, "Inna, yau Yaya ne ya fitar da ni kunya. Ba don shi ba da an ci mutuncina. Abin da ya sani a aikin nan ni ban kama ƙafarsa ba." Ko kalma ɗaya bai ƙara ba.

Ga maganar da ya shekara da shekaru yana jira, an faɗe ta a kunnen da yake so. Ya ɗaga labule ya shiga, ya durƙusa. Inna ta juyo gare shi, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Babba, ka ji? Ka ji yaron nan? Duk iliminsa, ya san girman na gaba da shi. Irin Auta sai an tona."

Mai Kati ya ce, "Haka ne, Inna."

Bayan shekara biyu ya yi ritaya. Inna ta rasu a damina ta gaba. Asibitin na aiki da manhajar Auta har yanzu, da gyaranta. Mai Kati yana gidansa, yana kiwon kaji a bayan ɗaki, gwiwa ta hana shi hawa keke. Auta kan zo duk ƙarshen wata su gaisa su yi hirar 'ya'ya, kuma ɗakin kati bai sake shiga hirarsu ba.