Farin Man Kaɗe

A layin masu kayan miya na kasuwar Tambuwal, wata dattijuwa ce zaune kan buhu, gabanta tire cike da man kaɗe fari tas cikin 'yan robobi. Hijabinta a juye yake, amma tambarin wata ƙungiyar tallafi bai ɓuya ba.

Wata mata ta buɗe roba ɗaya, ta shinshina. "Inna, wanga man kaɗe ne kuwa? Ko ƙauri babu."

"Haka 'yan ƙungiya sunka koya muna, ɗiyata. Sunka ce masu saye na tafe daga Legas."

"To, ina suke?"

Matar ta ajiye robar, ta nufi masu na gargajiya.

Da alama dattijuwar ce ta bi gida-gida a ƙauyensu, tana rantse wa mata cewa mutanen nan masu amana ne. Wannan tiren guminsu ne duka, kuma suna can suna jiran ta. La'asar ta yi, masu babur na hanyar ƙauyensu suna ta kiran "Kebbe! Kebbe!" Ta ji su sarai, amma ta ƙi ɗaga kai.