Motar Baba da Za a Yanke wa Rufi

Shekarar da soja suka koma bariki, yayana, wato ɗan wan mahaifina, ya ci zaɓen kansila, kuma daga ranar ƙasa ta daina ɗaukarsa. Mutumin da na sani da babur mai hayaƙi, sai ga shi yana amsa gaisuwa da ɗaga hannu kawai.

A ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Sauri akwai wata mota ƙarƙashin bishiyar bedi, an ɗora ta a kan duwatsu. Baƙa ce, doguwa, ƙirar Ingila, kujerunta na fata, gaban sitiyarinta katako mai sheƙi. Kamfanin ma ya daɗe da daina yin irinta. Baba ya yi shekara talatin yana tuƙa manyan gwamnati a cikinta, da ya ajiye aiki aka bar masa ita. Bayan yanar ido ta kama shi, ta yi shekara goma sha ɗaya ba a tayar da ita ba. Amma kowace Juma'a da safe sai ya lalubo tsumma ya goge ta, tun daga fitila har bamba.

Wata la'asar Yaya ya zo da magoya bayansa, ya durƙusa, aka yi ta gaisuwa kamar ba za a gama ba. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Baba, motar ga nike so. A jawo ta a sa mata injin Japan, mai walda shi yanke ruhin, in tsaya ciki ina ɗaga ma mutane hannu ran rantsuwa."

Ina tsaye a bakin zaure, na ga hannun Baba ya damƙe carbinsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Tunda ba ta tashi, mi zan yi da ita? Ka ɗauka."

A gidanmu mutum ba ya hana ɗan wansa abu. Ɗan cikinsa kuwa, musamman na fari, ko sunansa ba ya kira. Ni ne na farin. Tun ina yaro Baba bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ya faɗa wa Inna ina ji. Kara ake kiran wannan, kuma ban taɓa jin haushinta ba sai ranar. Na san da ni na roƙi ko madubin motar nan, da ya juya mini baya. Yaya ya ce ranar Asabar ta sama zai turo a ja ta. Kwana tara ke nan.

Ni malamin makaranta ne, abin da na sani a mota bai wuce buɗe ƙofa ba. Amma na riƙe kalmar Baba gam: tunda ba ta tashi. To, in ta tashi fa? Na nufi Ƙofar Kaura wurin wani tsohon bakanike da suka yi aiki tare da Baba. Da na gaya masa batun yanke rufi, sai da ya cire hula ya mayar.

"Injin Japan? Cikin waccan? Tashi mu tahi."

Mun sha wuya. Ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin bonet, sun cinye wayoyi. Tankin mai duk tsatsa, sai da muka cire shi muka zuba tsakuwa da kananzir muka yi ta girgizawa har kafaɗuna suka sage. Roba ɗaya ta famfon mai muka nema a wurin 'yan gwangwan muka rasa, tsohon ya yanko irinta daga tsohon tiyub. Masu wucewa suna tsayawa su yi mini dariya, wai malam ya bar alli ya koma tayar da gawa. Wasu na rama, wasu na ƙyale, ya danganta da yadda na tashi.

Baba yana zaune a tabarmarsa, ya nuna bai san ana yi ba. A kwana na shida muka ɗaura batirin aro, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Muka sake, ya sake mutuwa. Sai na ji Baba ya ɗaga murya yana kiran Inna, alhali tana can cikin gida tana tankaɗe.

"Ke! Masu ɓata ma mutane kunne da hayaniya, da sun san abin da suke, da sun musanya wayar hulogi ta ukku da ta huɗu."

Tsohon bakanike ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Muka musanya. Injin ya kama, ya yi rawa, sannan ya zauna da wani sauti mai laushi, kamar kyanwa ta ƙoshi.

Ranar Asabar da hantsi Yaya ya iso da motar ja da mai waldarsa da dattawa biyu na dangi. Ya tarar da ita a kan tayoyinta tana aiki, ni kuma ina bayan sitiyari. Ya yi murmushi ya miƙo hannu.

"Madalla, ƙanena, ka rage mani aiki. Kawo makulli."

"Ba ni badawa."

"Mi ka ce?"

"Wadda ba ta tashi aka ba ka. Wagga tana tashi. In ɗaga hannu kake so, ka hau bisa tebur."

Dattawa suka ɗauki salati. Ɗaya ya ce ban da kunya, ɗaya ya ce boko ne ya lalata ni. Ban taɓa yi wa babba haka ba, amma na rantse a raina sai dai a yanke rufin ina ciki. Duk aka juya ana kallon Baba. Na san ba zai janye kyauta ba, ba zai kuma goyi bayan ɗansa a kan ɗan wansa ba.

Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya fuskanci inda injin ke ƙara.

"Marar mutunci! A gabana kake gaya ma yayanka haka? Hita ka bar mani gida. Kai da tsiyar da kake zaune ciki, kada in ƙara jin ɗuriyarku a ƙohwar nan!"

Uba ya kori ɗansa saboda ɗan wansa, me kuma za a nema a wurinsa? Na sa giya na fita a hankali, hawaye na zuba, ina jin haushin kowa har da shi.

Korar ta gaske ce. Na kama haya a Kambarawa, kuma sai da aka yi wata huɗu kafin a bar ni in shiga in gaida Inna. Dattawa suka yi ta aiko mini cewa in mayar da mota in ba Yaya haƙuri, komai ya wuce. Na ƙi, kuma har yau ban bayar ba.

Baba ya rasu kafin damina ta zagayo. Bai sake shiga motar ba, bai sake taɓa ta ba. Abin da ya saya mata ke nan da bakinsa, yana sane: ya rabu da ita da ni a rana ɗaya, don kada wutar walda ta hau rufinta.