Bencin Ƙarshe

Kafinta ake ce masa, ko da yake hannunsa ya daɗe da ajiye zarto. Duk bencunan cocin nan shi ya haɗa su, shi ne kuma mai tsaron ƙofa. Ranar jibin Ubangiji, da ake raba gurasa da abin sha a teburin gaba, aikinsa ɗaya ne: ya faro daga gaba, ya tsaya a bakin kowane benci, ya miƙa tafin hannu, mutanen layin su tashi su nufi teburi. Layin da bai miƙa wa hannu ba, ba ya motsi. Ba doka ba ce, haka dai aka saba. Shi kuwa sai ya bi bayan layin ƙarshe ya karɓi nasa.

Tsoho ne mai zafi. Yaro ya yi surutu, harara ɗaya ta ishe shi. Fasto ma in ya ja wa'azi, sai Kafinta ya ɗaga agogo ya nuna masa. Dariya kuwa, tun ranar da tifa ta take autarsa a hanyar makaranta aka daina ganin haƙoransa. Direban a buge yake. Aka ɗaure shi, shekaru suka ja. Tun daga nan, in ana addu'ar Ubangiji aka zo wurin da ake roƙon gafara kamar yadda muke gafarta wa wasu, sai tari ya kama Kafinta. Matarsa kaɗai ta lura da tarin nan, ba ta taɓa tanka masa ba.

Wata Lahadi kafin a shiga, Fasto ya ja shi gefe.

"Baba, direban nan ya fito. Ya tuba, a gidan yari aka yi masa baftisma. Yau zai zo."

"Ya tuba? Wa ya tuba wa? Ni ya zo wurina?"

"Tsoronka yake ji, Baba."

"To, ya ci gaba da ji."

Direban ya zo kuwa. Ya raɓe shi kaɗai a bencin ƙarshe, wanda ƙafarsa ɗaya ta gajarta, Kafinta yana ta cewa zai gyara. Ya rame, kai ya yi furfura. Fasto ya yi wa'azi a kan makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓata. Kafinta bai ji ko rabi ba, jininsa tafasa yake.

Aka buɗe teburi, mawaƙa suka ɗauka a hankali. Kafinta ya fara miƙa hannu, layi yana tashi, layi yana dawowa. Tuni ya gama shawara: in ya sallami na kusa da ƙarshe, sai ya juya abinsa. Wa zai ce masa don me? Da ya zo layin matarsa, ta kama bakin rigarsa.

"Baban Auta, don Allah."

Ya fizge rigar ya wuce. Kai, ranar kowa ya san abin da ke tafe! Masu tsegumi suka daina waƙa, wuya duk ya karkata baya.

Layin kusa da ƙarshe ya tashi. Kafinta ya juya zai tafi, sai ya ji bencin nan yana ƙwanƙwasa siminti, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Jikin direban ne ke ɓari. Ya waiwaya.

"Baba," in ji direban, kansa a ƙasa, "ba sai na je ba. Ni na kashe ta. Ba birki ba ne, ba tsautsayi ba ne, ni ne. Abin da na zo in faɗa ke nan."

Kafinta ya so a ce ƙarya mutumin ya yi, ko ya kawo uzuri, da ya samu abin riƙewa. Babu. Ya dubi teburin can gaba. Shekara da shekaru yana zuwa wurin nan da tarinsa a maƙogwaro, yana ci yana sha, Ubangiji Mai teburin bai taɓa janye masa hannu ba. Ashe ba direban kaɗai ne ya ɓata ba. Kunya ta kama shi, fushin kuma bai tafi ko'ina ba, yana nan daram a ƙirji.

Haka nan ya miƙa hannun. Direban ya yunƙura, ya koma ya zauna. Kafinta ya damƙi damtsensa da ƙarfin tsohon mai zarto ya ɗaga shi.

"Wuce gaba," ya ce a daƙile. "Ni ne na ƙarshe."

Suka ci daga faranti ɗaya. Fasto ya ce a rufe da addu'ar Ubangiji. Da aka zo wurin roƙon gafarar nan, matar Kafinta ta runtse ido tana jiran tarin. Sai ta ji muryar mijinta tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.